Wutar Jikin Kawu Guan

Na gaji. Bari in fara da wannan, saboda masu turo saƙo suna tambayar inda na shiga.

Wanda yau ya fara karantawa, ga inda muke. Sunana Jingbo. Daga wani ƙauye na Hunan na zo Guangzhou bayan na gama sakandare, ina kai wa mutane abinci a babur mai batir. Ina son wata yarinya, Sulan, wadda a gidansu ake kira A-Lan, malamar makarantar rainon yara. Babanta, Kawu Guan, yana kwance a asibiti da ciwon daji na jini. Mamarta ba ta sona. Labarin ke nan, sauran duk ƙari ne.

Goggo, wato mamar Sulan, tana da shagon shayin sanyaya jiki a wani lungu na tsohuwar unguwa. Tulunan tagulla a jere kan kanta, kullum a goge, har kana ganin fuskarka a karkace a jikinsu. A garin nan komai wuta ne. Ƙurji ya fito maka, wuta ce. Ka yi tari, wuta. Ka yi wa matarka tsawa, wuta ce ta hau maka kai. Sai ka je a tsiyaya maka baƙin ruwa mai ɗaci, ka shanye a tsaye, a miƙo maka ɓawon lemo mai zaƙi ka kore. Tun kafin a haifi Sulan Goggo take kashe wutar mutanen unguwar nan, kuma ba ta taɓa jin an ce wata wuta tana da amfani a jikin ɗan Adam ba.

Ranar da Sulan ta fara kai ni, Goggo ba ta tambayi sunana ba.

"Fito da harshenka," ta ce.

Na fito da shi. Ta duba sama da ƙasa, ta juya ga 'yarta. "Barkono ne ya raine shi. Wannan in ya shigo gida, labule ma sai ya kama."

Tun daga ranar sunana Mai Barkono. Akwai ɗan mai shagon zinariya na bakin titi, mai farar mota da gidan bene, wanda hotonsa ke yawo a zauren wayar danginsu. Goggo ke turawa, ƙannenta suna sa masa furanni a ƙasa. Sulan ta doshi talatin, kuma babu wata Sabuwar Shekara da za ta wuce ba a tuna mata ba. Kawu Guan kaɗai ke gaishe ni da fara'a. Tsohon matuƙin jirgin fito ne, ya ajiye aiki, ba abin da yake so kamar ya shimfiɗa dara a ƙofar shago ya cinye ni, yana dariya yana sosa ciki.

An yi masa maganin ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Ciwon ya tafi, ya dawo. Aka sake, ya sake dawowa. Daga nan aka sa shi cikin wani gwaji. Suka ɗebi jininsa, suka tace sojojin jiki daga ciki, suka tafi da su ɗakin bincike suka koya musu kamannin ciwon, suka dawo da su cikin 'yar jakar da ba ta kai tafin hannuna ba. Kafin a ɗura masa, Likita Rong ta tara mu a ofishinta. Mace ce siririya, mai gajeren gashi, idanunta kamar na wanda ya manta da gado.

"Waɗannan mun ƙara musu wani abu," ta ce. "In sun ga ciwon, ba faɗa kawai za su yi ba, za su yi ta kururuwa a cikin jini. Kururuwar ce ke tayar da zafi da kumburi. Zafin kuma shi ke ƙara musu ƙarfi, su hayayyafa, su tashi sauran sojojin da ciwon ya sa barci. Don haka zazzaɓi zai zo. In ya zo kada ku firgita. In ya wuce gona da iri muna da abin rage shi, mu za mu auna."

Goggo ta gyara zaman jakarta a cinya. "Wato da gangan za ku kunna wa mutum wuta."

"Eh, Goggo. Mu kuma tsaya a kanta."

"Ni mai girki ce, 'yata. Wutar da aka tsaya a kanta ma tana ƙona tukunya."

Likita ba ta yi musu ba. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada a ba shi komai na gargajiya. Ba raini ba ne, ni ma shayinku na sha na girma. Amma wani garin da ake sayarwa don zazzaɓi ana cakuɗa shi da maganin bature mai kwantar da sojojin jiki, kuma ba a faɗa wa mai saye. In ya shiga jikinsa, waɗannan da muka sha wahalar rainonsu za su iya kwanciya. Ba mu da wasu a ajiye."

Goggo ta ce to. Irin to ɗin da ake ce wa yaro mai surutu.

Ɗakin da aka sa shi mutum ɗaya ake bari a ciki, saboda jikinsa ba garkuwa. Sulan ta ɗauki hutu ta shiga, da shuɗiyar riga da hula da takunkumi. Mu sai ta gilashi. Abincin gida guda aka yarda da shi, farin kunun shinkafa, a miƙa ta wata 'yar taga. Goggo ke dafawa, ni nake kaiwa kullum da rana. A haka na samu aiki a gidan su Sulan. Ba suruki ba, ɗan aike.

Shekaranjiya zazzaɓin ya zo.

Yau da safe, ina ƙarƙashin wata rumfa ina jiran a miƙo mini odar wani, saƙonnin Sulan suka shigo a jere.

*Ya haura 39. Yana rawar ɗari, haƙoransa har ƙara suke.*

*Likita ta leƙo, ta ce sun farka.*

*Ban runtsa ba. Kada ka faɗa wa Mama lambar.*

Lokacin danshi ne, bangon gidaje na gumi, wanki ba ya bushewa, kowa na warin tsumma. Ruwa bai ɗauke ba tun wayewar gari. Da na isa lungun, na tarar ƙofar shagon a sauke rabi. Ban taɓa ganin haka da tsakar rana ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma na sunkuya na shiga.

Turaren tsinke na ci a gaban jan allon kakanni. Goggo na can baya a kicin, da rigarta mai furanni, silifas na roba, koren awarwaronta na dutse a hannun hagu. Ƙasan wandonta jiƙe yake da laka.

"Jingbo," ta ce. "Shigo."

Na tsaya. Ban san ta san sunan ba.

"Zauna mana. Ka rame, sai wuya kamar na zakara."

A kan tebur akwai kwanon miya, irin wadda ake barin ta a wuta tun safe, da kifi da busasshen dabino da citta. Wanda ba ɗan garin nan ba ba zai gane ba. Uwa a nan ba ta zuba wa mai wucewa miyarta. Sau nawa na shigo gidan nan, ɗacin tulu kawai ake ba ni. Ta tsiyaya mini shayi, na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya, yadda Kawu ya koya mini.

"A hankali," ta ce. "Godiya ake, ba kaza ke tsattsagar hatsi ba."

Na sha miyar. Ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi daɗi har ta ba ni haushi.

Ta ɗauke tukunyar ƙasa daga wuta, ta juye kunun cikin kula. Sannan ta sa hannu a aljihu ta fito da ƙullin takarda ɗaure da jan zare. Ta warware a gabana. Gari ne mai ruwan toka.

"Tun asuba na hau mota zuwa Foshan," ta ce. "Wajen Tsoho Mak mai maganin gargajiya. Ƙahon ɓauna ne da saiwoyi."

"Goggo, likita ta ce..."

"Lokacin da A-Lan tana ƙarama, zafi ya kama ta har ta sandare, idonta ya juye. Babanta ya saɓa ta a kafaɗa cikin ruwa irin wannan. Garin nan ne ya sauke shi. Da ba don shi ba, wa za ka riƙa bi kamar jela yau?"

"Ta ce zafin ne ke yin aikin."

"Ka gan shi a waya jiya?" Ta zuba garin, ta ɗauki ludayi. "Bai gane ni ba. Da sunan yayarsa ya kira ni, wadda ta mutu tun muna sabon aure. Likitarka ta san wannan? Ita lamba take gani. Ni na san mutumin. In zafi ya kama shi kunnensa ke fara ja, jiya har wuyansa ya yi."

Ta juya, ta juya, har tokar ta ɓace cikin farin. Ta rufe kular, ta ɗaure ta cikin ƙyalle, ta turo gabana.

"Da na so, da na zuba kafin ka iso, ba za ka taɓa sani ba. Amma ɗan gida ba a yi masa haka." Ta goge hannu a jikin riga. "In ya fito, ka ce iyayenka su zo mu sha shayin safe tare. Suna iya cin abin da ba barkono?"

"Suna iyawa."

"To. Tashi, kada ya huce."

Masu karatu, ku da kuke ta rubuto mini in yi haƙuri, wata rana za ta sauko, ga shi ta sauko. Abin da na yi ta nema ke nan, an ɗaure mini shi cikin ƙyalle mai zanen kifi.

Na sa kular a akwatin baya, na ja hular rigar ruwa kan hular kwano, na hau titi. Waya na ta ƙara a kan kan babur, oda na shigowa, ina ƙin ɗauka. A kowace danja ina lissafi. Wataƙila ƙaho ne da saiwoyi kawai. Wataƙila Tsoho Mak mutumin kirki ne. Likitoci ma suna da tsoratarwa, don kada a ce laifinsu ne. Kuma wa ya ce ni ne zan yanke? Matarsa ce. Ni babur ɗina aka ɗauka aiki, ba ƙwaƙwalwata ba.

A kan gada kogin ya cika, ya yi ruwan ƙasa. Wani jirgin fito na ratsawa, irin wanda Kawu ya tuƙa. Saƙo ya shigo.

*Ina kunun? Ya ce yana jin yunwa. Karon farko tun jiya.*

Wani ya biyo baya.

*Ya ce kada ka yi gudu a ruwan nan. Wai in ka karye ba shi da wanda zai riƙa cinyewa a dara.*

Na sauka daga gadar, na wuce ƙofar asibitin ban shiga ba. A bayansa akwai lungun masu abinci, inda 'yan jinya ke saye. Na tsaya gaban wata mai kunu, na kwance ƙyallen, na durƙusa bakin kwata na juye. Ya zubo a hankali, da kauri, yana tururi. Ruwan sama ya tafi da shi.

Mai kunun ta leƙo, ƙatuwa, da tawul a wuya. "Kyakkyawa, matarka ce ba ta iya girki ba?"

"Ɗauraye mini wannan da tafasasshen ruwa. Sosai."

"Guba ta sa maka?" Ta yi dariya ita kaɗai. "Da me za a zuba? Kifi? Baƙin ƙwai?"

"Fari. Ba komai a ciki."

A garinmu kunu kunu ne, shinkafa da ruwa, abin da ake ba mara lafiya da wanda hatsinsa ya kusa ƙarewa. Na leƙa cikin kular, na ga fari. Na ɗaure ƙyallen yadda Goggo ta ɗaure. Har na ji wani sanyi a raina, na ce na raba gardama, Goggo za ta ɗauka ya sha, likita ba za ta ji komai ba, iyayena su zo shan shayi.

Na miƙa ta 'yar tagar, nas ta karɓa. Na zagaya wajen gilashi. Sulan ta taso, ta ɗaga wayarta, na ɗaga tawa. Haka muke magana, muna kallon juna, muryar na biyowa ta kunne. Idanunta kaɗai ke waje, sun faɗa, sun yi baƙi a ƙasa.

"Ka jiƙe," ta ce.

"Ke ma kin tsufa."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

Ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba. Kawu na jingine da matashi, kansa ba gashi, fuskarsa ja kamar an dafa, igiyoyi na fita daga ƙirjinsa. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya. Sulan ta zuba a kwano, ta hura, ta kai masa cokali. Ya haɗiye. Ta kai na biyu. Ya riƙe shi a baki, ya daɗe, sannan ya kau da kai.

"Wannan ba na uwarki ba ne."

"Baba, zazzaɓi ne ya ɓata maka baki."

"Ya ɓaci, bai mutu ba. Farin magi ne a ciki. Shinkafar ma ba ta fashe ba, an dai kaurara ta da gari. Ina ɓawon lemon?" Numfashinsa na fita guntu-guntu. "Tun da na aure ta ba ta taɓa ba ni na kasuwa ba. Ko ranar da ta haife ki, sai da ta gaya wa uwata yadda za a yi. Ba ta da lafiya ne? Kuna ɓoye mini?"

"Lafiyarta lau, Baba."

"Miƙo mini wayata."

Sulan ta juyo ta kalle ni. Na kalli takalmina.

Muryarsa kaɗai nake ji. "Tsohuwa. Lafiyarki? ... To me ya sa kika aiko mini da na titi? ... Na titi mana, ni zan kasa sanin hannunki? ... Tsohuwa? Kina ji na?"

Ya sauke wayar yana duba ta. "Ta kashe."

Tawa ta girgiza a kunnena. Na duba. Goggo ce, karo na farko da ta taɓa rubuto mini.

*Tsaya nan.*

"Jingbo," in ji Sulan. Ta dawo jikin gilashi. "Me ya faru?"

"Zubewa ya yi a hanya."

"Kai? Kai da kake hawa bene da miya a guje ko ɗigo babu?"

Na buɗe baki zan ƙara wata ƙaryar. Wata na'ura ta fara kuka a bayanta. Kwanon ya suɓuce daga cinyar Kawu, jikinsa duka na kaɗawa har gadon na motsi. Nas biyu suka shiga da sauri, wata ta ja labule. Layin ya yanke.

Na zauna a kujerar roba a baranda, hular kwano a cinya. Ruwa na ɗiga daga rigata yana taruwa a ƙasa, mai shara ta zo ta goge ta harare ni, ya sake taruwa. Na yi tunanin kwatar. Na yi tunanin in da gaske ƙaho ne da saiwoyi. Wata tsohuwa a gefe tana ɓare wa mijinta lemo, tana yi masa faɗan bai sa safa ba. Na ji ina ma ni ne.

Goggo ta iso da lema tana zuba, silifas ɗin nan dai a ƙafarta. Ba ta ko kalli gilashin ba da ta ga labule. Ta zauna, ta bar kujera ɗaya tsakaninmu.

"Ina ka zubar?"

"Kwata."

"Kwata." Ta jinjina kai. "Tun asuba na fita."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. A tsaye na je, a tsaye na dawo, babu yaron da ya tashi ya ba ni kujera. Miyar ta yi daɗi?"

Na juya hular kwanon a cinyata.

"Tambayarka nake."

"Ta yi."

"Madalla."

Muna nan zaune Likita Rong ta fito. Ta sauke takunkumi zuwa haɓa, ta tsaya a gabanmu.

"Jininsa ya yi ƙasa. Wutar ta wuce inda muke so. Zan ba shi allurar da ke toshe kunnen jiki daga wani sashe na kururuwar, ba tare da ta kwantar da sojojin ba. Amma sai na san abin da ke cikinsa. Ya sha wani abu daga waje? Gari, saiwa, shayi, ko ɗan kaɗan ne?"

Goggo ta zuba wa awarwaronta ido, tana juya shi a hannu.

"Babu," na ce. "Farin kunu ne. Na kasuwa. Ni na saya."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Na kasuwa?" Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Mutumin da ba shi da garkuwa ka kwaso masa na lungu? Cokali nawa ya sha?"

"Biyu."

"Kada a ƙara." Ta juya za ta koma.

"Likita," in ji Goggo. Muryarta ta yi ƙasa, ban taɓa jin ta haka ba. "Zai tashi?"

"Gwajin safe ya nuna sun hayayyafa fiye da yadda muka zata, kuma ƙullutun da ciwon ya yi masa a wuya ya fara laushi. Wannan abin so ne. Sauran, jikinsa ne zai faɗa mana daga yanzu zuwa gobe. Ba zan yi miki alkawari ba, Goggo."

Ƙofa ta rufe a bayanta.

Na ɗauka Goggo za ta riƙe maganar ƙullutun. Ba ita ta riƙe ba.

"Ka ji da kunnenka," ta ce. "Ta wuce inda suke so. Su da suka ce suna tsaye a kanta. Da ya sha tun rana..."

"Da ya sha, ban san me zan ce wa likita ba."

"Abin da ɗan gida zai ce."

Nas ta turo kular ta 'yar taga. Goggo ta tashi ta ɗauko, ta buɗe, ta sunsuna, ta yatsina fuska. Ta rufe, ta ɗaure ƙyallen a hankali, ƙulli bisa ƙulli.

"Ka gaya wa iyayenka kada su wahalar da kansu. Hanya da nisa." Ta ɗora kular a cinya, ta rungume. "Gobe ni zan kawo da ƙafata. Ƙulli biyu Tsoho Mak ya ba ni."

Gaba kura, baya sayaki. Dabarata ta mutu. Gobe ba ni a tsakani, daga hannun uwa sai hannun 'ya, kuma wace nas ce za ta tuhumi tsohuwa da kunun mijinta? In na faɗa wa Sulan, za ta faɗa wa likita, a hana duk abin da ya fito daga gidansu. Kafin yamma dangi sun ji an kori girkin Goggo daga asibiti kamar na mayya, kuma sun ji wanda ya jawo. Baƙo, ɗan Hunan, mai babur, ya shiga tsakanin uwa da 'yarta a bakin gadon uba. Ko Kawu ya warke ya yi tsalle, wannan ba zai goge ba.

Saƙo ya shigo.

*Sun yi masa allurar. Ya ɗan lafa. Yanzu gaya mini gaskiya.*

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa. Goggo na kallon yatsuna, ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa, ban san abin da zan yi ba.

*Kada ki karɓi komai daga hannun Mama gobe. Ko ruwa ne.*

Na tura.

Labulen ya motsa. Sulan ta fito jikin gilashi da waya a hannu. Ba ni take kallo ba. Goggo ta miƙe, ta ja rigarta ta daidaita, ta gyara gashinta da tafin hannu, kamar mai shirin karɓar baƙi. Wayarta ta fara ƙara a aljihu. Ta bar ta ta yi ta yi, sannan ta ɗauka.

"A-Lan. ... Eh. ... Eh, zan gaya miki duka, ba na jin kunyar abin da na yi wa mijina. Amma ki fara sallamar yaron nan. Maganar gida ce."

Sai lokacin Sulan ta dube ni. Ta daɗe. Takunkumin ya rufe bakinta, ban san abin da yake yi ba. Daga nan ta ɗaga haɓa, ta nuna mini matattakala.

Na ɗauki hular kwanona.

A ƙarƙashin gada nake rubuta muku wannan yanzu, ruwa bai ɗauke ba, batirin babur ya kusa ƙarewa. Garin ba zai kai gare shi ba, wannan kam na sani, don Sulan in ta kafe ta fi uwarta. Ba ta kira ba. Na buɗe sunanta ya fi a ƙirga, ina so in tambaya ko zazzaɓin ya sauka, sai in rufe. Don ko ta amsa, ban san wanne zan yi wa murna ba, saukarsa ko ɗorewarsa.